Kifin da Ke Ƙiba a Bango

A gidan addu'a na kan dutse, can bayan garin Paju, wani tsoho yana zane a bangon ɗakin cin abinci. Gajere ne, kai tal kamar dafaffen ƙwai, wando duk dabbaren fenti. Hannayen nan kuwa sun sha jan igiya. Da alama masunci ne da teku ta sallama. Ya yi wa Ubangiji alkawarin azumin kwana bakwai, ruwa kawai, har ya gama zanen gurasa biyar da kifi biyu na mu'ujizar nan da aka ciyar da mutum dubu biyar. Yau kwana shida ke nan.

Kifin ne ke tona masa asiri. Ranar Litinin 'yan sirara ne, amma kullum yunwa ta ƙaru sai su ƙara ƙiba. Yanzu har maiƙo suke yi.

Gwaggo Sun-rye mai girki ta ratso da tukunyar miyar kifi, ta tsaya daidai gindin tsaninsa.

"Baba, ai waɗannan ko ba mu'ujiza za su ƙosar da mutum dubu biyar."

"Wuce da tukunyar nan, 'yar nan. Shaiɗan ma da ya jarabci Ubangiji yana azumi, duwatsu ya nuna, bai zo da miya ba."

"Cokali ɗaya fa? Fasto ya fita."

Tsohon ya sauko taki biyu, hanci na rawa. Ya leƙa tukunyar, ya daɗe yana kallo. Sai ya dangwali jan fenti, ya koma sama, ya barbaɗa wa kifinsa barkono.

"Jibi," in ji shi, "ki ajiye min kan."