Inda Meliton Ke Fita Daga Motarsa

Meliton Maestas maƙwabcina ne tun muna samari. Magudanar ruwan ban-ruwa ce kawai ta raba gonarsa da tawa, a nan bayan garin Española. Da yaɓe ya ciyar da gidansa, kuma gidajen ƙasa da yawa a kwarin nan sun san hannunsa. Amma in ka tambayi mutane wane ne Meliton, ba wanda zai ce maka mai yaɓe. Cewa za a yi mai koriyar Chevrolet ɗin nan ƙirar 1959, wadda ke tafiya kamar tana shinshinar titi.

Ya saye ta ne a hannun wani mai gonar tuffa, shekarar da ya auri Orlinda. Makon farko ya zuba buhunan siminti a but don bayanta ya sauka. Orlinda ta ce to ita ina za ta sa cefane, a kanta? Sai ya kwashe simintin, ya yanke sifirin ɗin da ke ɗauke da motar. Ni na riƙe masa jak ranar. Yana yankewa kaɗan-kaɗan, ya sauke motar, ya koma can bakin shinge ya tsuguna yana kallo, ya dawo ya ƙara. Da ya gamsu, bai sake taɓa wurin ba har muka tsufa.

A wurinsa zaman mota iri ɗaya ne kawai daidai. Baya ya fi gaba sauka, amma da kaɗan, yadda in tana tsaye za ka ga kamar yanzu ta fara tashi. Tayar baya ta ɓuya rabi a cikin jiki. Wadda aka sauke gabanta fiye da baya, cewa yake yi akuya ce tana kiwo. Wadda aka kwantar gaba da baya daidai kuwa, wai gini ne ya faɗo mata. Yaran yanzu masu karkata tayoyi waje, in sun wuce sai ya ce Allah ya ba motar lafiya, ƙafa ta karye. Ba ya faɗa da kowa a kai. Yana faɗi ne kamar yadda ake faɗin cewa gobe Talata.

Mutum ɗaya ne yake tanka masa, Delfino Vigil, mai walda, wanda ya riƙe 'yar Meliton a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre. Motar Delfino ja ce, but ɗinta cike da batura da famfunan mai. In ya taɓa maɓalli sai ta tashi, ya sake taɓawa ta kwanta, in ya so ma ta yi tsalle. Kowace Lahadi bayan an fito daga coci sai sun yi wa juna tsiya, Delfino ne ke farawa.

"Kompadre, yau ma ka taho da garmar taka? Na ga ka yi wa gwamnati huɗa tun daga gada."

"Gara garma. Kai kuma ka ba kwaɗon naka ƙudaje da safe?"

"Tawa tana hawa tudun bakin ƙofar coci kai tsaye. Kai sai ka bi shi a karkace kamar ƙaguwa, mutane na jira a baya."

"Su jira. Ina za su?"

Haka muka yi shekaru. Orlinda ta rasu, Meliton ya bar yaɓe, 'yarsu Fabiola ta zama nas a Santa Fe, tana zuwa duk ƙarshen mako da tukunyar wake da jan barkono. Motar tana nan yadda take. Gwiwoyinsa ne suka canja.

Kujerar motar nan ƙasa take sosai. Shiga ba wuya, faɗawa kawai mutum zai yi. Fita ce aiki. Na daɗe ina lura yana kama ƙofa da hannu ɗaya, sitiyari da ɗaya, yana lilo kafin ya miƙe. Sai wata Lahadi a filin coci ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafafu, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, hannunsa ya zame, ya zube tsakanin kujera da ƙofa, kafaɗarsa ta bugi kwalta. Ni da Delfino muka ɗaga shi ta hammata a gaban mata da yara. Ranar Delfino bai yi zancen garma ba, kuma ina jin wannan shirun ya fi faɗuwar yi wa Meliton ciwo.

Fabiola ta ji kafin la'asar. Ina wurin lokacin da ta zo, don ni na kai shi gida.

"Baba, yau coci ne, akwai mutane. Gobe in a gefen hanya ne fa?"

"Santsi ne, 'yata."

"Wane santsi, rabonmu da ruwan sama tun yaushe? Ka saurare ni. Ko a ɗaga motar nan, ko ka ba ni makulli. Lahadi ta sama zan zo in tsaya a bakin coci. In ka fita da kanka, ba wanda ya taɓa ka, na bar maka. In ba haka ba, a jakata makullin zai kwana."

Fabiola halin uwarta ta ɗauko, ba ta faɗin magana sau biyu.

Washegari Delfino ya zo da hularsa a hannu. Ya ce zai saka masa famfo ƙarami, a ɓoye, ba wanda zai gani. In zai fita ya taɓa maɓalli ta tashi, ya fita, ya sake taɓawa ta kwanta.

"Za ka huda mata shasi?"

"Huda kaɗan, tsoho. Kai ma likita ya huda ka bara, ga ka nan."

"Ni an tambaye ni."

"To a sa mata sabon sifirin, ta tashi taƙi ɗaya."

"In ta tashi taƙi ɗaya ta zama motar mai gonar tuffa. Ai da can haka na same ta."

Delfino ya mayar da hularsa, ya ce taurin kai ne zai kashe shi ba gwiwa ba, ya tafi.

Kwanaki Meliton bai fito da motar ba. Ranar da layin ban-ruwa ya zo kan gonarsa, na hango shi zaune a bakin magudana, ƙafafunsa a ciki, yana jiran a sako daga sama. Da ruwan ya taho sai ya miƙe tsaye ya ɗauki shebur. Ya yi taku biyu, ya tsaya. Ya dawo ya zauna a wurin, ya sake miƙewa. Ya zauna, ya miƙe. Na ɗauka kansa ne ya taɓu.

"Sabino!" ya kira ni. "Zo ka gani. Ba kujerar ce ta yi ƙasa ba. Ƙasar ce ta yi sama."

Da yamma muka haƙa rami a gefen rumfar motarsa, ta wajen direba, zurfin taƙi ɗaya da 'yan yatsu, muka jera duwatsu a bakinsa don kada ya zabtare. Ya shiga motar, ya sauke ƙafafu cikin ramin, ya miƙe kamar daga kujerar cin abinci. Bai yi dariya ba, amma ya sake gwadawa har na gaji da kallo.

Gida ya samu. Saura coci, kuma ba a haƙa filin coci. Muka tafi a tsohuwar a-kori-kurata, muna zagaya filin a ƙafa. Can ƙarshe, wajen maƙabarta, inda kwalta ta ƙare, ruwan sama na shekaru ya cinye ƙasar gefen, ya bar gaɓa mai tsayin da muke nema. Matsalar ɗaya ce. Dole tayoyin hagu su tsaya a kan bakin kwaltar sosai. In ya yi nisa, ƙafarsa ba za ta kai ƙasa ba. In taya ta zame kuma, motar da ke ƙasa haka a kan cikinta za ta zauna, salansa da komai, sai an kira mai ja. Ya daɗe tsugune a wurin da sandarsa yana duba gaɓar.

Ranar Lahadi na shiga gaba kusa da shi. Muka taho a hankali kamar kullum, muka bi tudun bakin ƙofa a karkace. Fabiola tana tsaye a matakalar coci, jaka a kafaɗa. Fili ya cika, don ranar akwai baftisma, baƙi sun zo da manyan motoci. Muna isa ƙarshen filin sai ga jar motar Delfino a kwance daidai wurin, shi kuma yana jingine da ita.

Meliton ya sauke gilashi. "Kompadre, duk faɗin filin nan?"

"Inuwa na biyo."

Babu ko bishiya ɗaya a wurin. Tun sassafe ya zo ya kama wa Meliton wurin kada baƙi su tsaya a kai, ashe ya hango mu ranar da muke zagaye. Ya shiga motarsa, ya taɓa maɓalli ta tashi tsaye, ya ja baya yana cewa, "Ka gani? Haka masu hankali suke yi."

Meliton ya leƙa ta taga, ya sa ido a kan gaɓar, ya shiga a hankali har ina jin tsakuwa tana fashewa ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin taya. Wani ɓangaren kwalta ya ɓalle ya faɗa, motar ta ɗan girgiza, ta tsaya. Ya kashe inji. Na sa hannu zan buɗe ƙofata, ya ce in zauna inda nake, kada a ce na taimaka.

Ya buɗe ƙofa, ya juya, ya sauke ƙafafu a kan ƙasar da ke ƙasa. Ya miƙe. Ya gyara hula, ya rufe ƙofa, ya zagayo ta bayan motar inda gaɓar ta kwanta, ya hau kwalta da sandarsa.

Fabiola ta sauko ta zo har wurin. Ta dubi gaɓar, ta dubi tayar, ta dube ni.

"Kawu Sabino, da kai a ciki."

"Ni shebur kawai na riƙe."

"Baba, wannan wayo ne."

"Kin ce in fita da kaina. Wa ya taɓa ni?"

Sai ta ce coci da gida kawai, sai inda ita da kanta ta je ta ga wurin saukar. Ya ce ya yarda. Ta kama hannunsa suka shiga, makullin yana aljihunsa.

Tun daga nan garin ya ragu masa zuwa wuraren da ke da gaɓa ta hagu. Akwai coci, akwai bayan shagon abincin dabbobi, akwai gidan Delfino, inda aka wayi gari da rami a gefen shinge, wai na shuka ne, ba a kuwa taɓa shuka komai a ciki ba. Mutane sun san wuraren, ba mai ajiye mota a kai. Sauran gari yana bi ne a hankali, gwiwar hannu a taga, wanda ke da magana ya zo ya sunkuyo.

Shagon wanzaminsa na shekara da shekaru ba shi da gaɓa, siminti ne shimfiɗe har bakin titi. Sai ya koma wurin wani a hanyar Chimayó, mai gangare a gefen shago. Mutumin bai iya aski ba, kullum sai ya bar masa gefe ɗaya ya fi ɗaya. Can yake zuwa har yanzu.