Hannun Baba Mai Guga

Duk wanda ya taɓa kai wanki layin nan ya san Baba mai guga, ya kuma san bakinsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne: tebur da bargo ninki biyu, dutsen guga na lantarki, wani na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta, sai igiya cike da rigunan mutane. Bayan labule katifarsa take. Tun da matarsa ta rasu ya tattaro ya dawo nan, ya ce gidan ya yi masa girma. Taurin kai kuwa ba a magana, irin mutumin da in ka ce ya zauna sai ya miƙe tsaye.

Bara jiri ya kwashe shi yana cikin aiki, mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya tsince shi a ƙasa. Auta, ƙaramar 'yarsa da ke aure can ƙarshen gari, ta zo asibiti da kuka da hukunci: ya rufe shago ya koma gidanta. Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan agogo. Ta sayo masa na zamani, mai auna bugun zuciya ya aika wa wayarta. Sharaɗi ɗaya ne: ran da agogon ya mutu ta daina ganin bugun, ran nan zai bi ta ba musu.

"Na ji," in ji Baba. "Kin ɗaura mini ɗan sanda a hannu, to zan ciyar da shi."

Ya kuwa ciyar da shi. Ba a daɗe ba wani mai karɓar wanki ya yi gaba da kan cajar, igiyar kaɗai ta rage. Baba bai faɗa wa Auta ba, ina zai fara? Ya shiga aro, yau na mai aski, gobe na mai sayar da sabulu. Mai gyaran waya na bakin titi ya ja masa kunne.

"Baba, kai mai kyau ba ya ɓata agogo, ko na wace waya ne. Amma na jabu, wanda ba shi da nauyi kamar fanko, shi ke kashe batir. Kuma in ka ji ya yi zafi, cire shi maza."

Baba ya yi dariya har da buga tebur. "Ni za ka koya wa zafi? Kai, tun ba a haife ka ba nake taɓa dutsen guga."

Roƙo ya ishe shi. Da wani mai talla ya biyo da kawunan caja a faranti, Baba ya zaɓi wani fari mai sheƙi. Da hantsi ya jona agogon, ya ɗora shi kan tulin tawul, ya koma guga. Lokaci-lokaci ya kai yatsa ya taɓa, ya ji lafiya lau, ya ci gaba. Mai aski ne ya leƙo yana shinshina.

"Baba, me ke ƙauri haka?"

"Guga nake, so kake ka ji turare?"

Mai aski ya kai hannu, ya daka tsalle yana yarfe yatsu, ya kashe soket da gwiwar hannu. Gefen kan cajar ya narke, bayan agogon ya kumbura, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ba agogon ne ya ƙona wa Baba rai ba, hannunsa ne. Ya juya tafin ya duba, kanta ta yi kauri kamar ƙasan takalmi. Ashe shekara da shekaru na dutsen guga sun kashe masa jin zafi bai sani ba. Hannun da yake tinƙaho da shi ya yi masa ƙarya. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, amma bai bari mai aski ya gani ba.

Ganin bugun ya ɓace a wayarta, Auta ta iso mayafi a karkace, da ƙatuwar jaka ba komai ciki. Ta kalli agogon, ta kalli tawul ɗin da ya babbake, ta kalli katifa bayan labule.

"Baba, da barci kake fa? Da shagon nan ya kama da kai a ciki! Mun yi alkawari, tashi mu haɗa kaya."

"Na yi alkawari, na kuma karya shi, je ki kai ni ƙara. A gidanki me zan yi? In zauna gaban talabijin ana kawo mini ruwa kamar tukunyar fure? Nan ana sallama da ni, in na ƙona riga a zage ni. Ki bar ni inda ake zagina, Auta."

Ta kama hannunsa za ta ja shi, sai ta ga bororo a yatsu biyu, sabo, cike da ruwa.

"Wannan fa?"

"Ban ji ba," ya ce. Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta sa Auta fashewa da kuka.

"Hannun ya mutu, na yarda," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Wajen ciyar da ku ya mutu, ban yi da-na-sani ba. Amma ni da raina. In kika kai ni gidanki can zan mutu a zaune, agogonki yana gaya miki zuciyata lafiya lau."

Auta ta ajiye jakar. Ta ɗaure masa yatsun, ta fita ta dawo da kan caja mai nauyi daga wurin mai gyaran waya. Ta ce sabon agogo na zuwa, a kan siminti za a riƙa cajinsa ba kan kayan mutane ba, kuma mai aski ne zai riƙa taɓawa.

"Wato wanzami ya zama hannuna," in ji Baba da tsaki. "To, ya zo ya taɓa."

Ta ɗauki jakarta ta fita tana share ido. Baba ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa, ƙirji a gaba, yana ɗaga mata hannun da aka ɗaure. Sai da ta sha kwana ya laluba kujera ya zauna.