Tukunya Mai Ƙafar Kaza

A unguwarmu a Garwa, in za a yi suna ko aure, kowace mace takan aika da babbar tukunyarta. A yi girki, a wanke, a kife su a tsakar gida, kowa ta zo ta ɗauki tata. Da yake duk sun yi baƙi iri ɗaya, kowace tana da shaidarta kusa da hannun tukunya. Shaidar Innata ƙafar kaza ce, zane uku da suka haɗu a gindi. Mahaifina ne ya sassaƙa ta da ƙusa, shekarar da ya sayo mata tukunyar a bakin kogin Binuwai cikin kayan da jirgin ruwa ya kawo da damina. Bayan rasuwarsa babu abin da Inna take ji da shi a gidan kamar wannan tukunya, har da ni.

A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na baro kamfanin auduga da faɗa, na shiga wata rumfar kwano a bayan kasuwa. Mu shida ne a ciki, kowa da sana'arsa: mai gyaran keke, mai yanka takalman taya, mai haɗa fitila da gwangwanin madara, da mu masu zubin tukunya. Murhu ɗaya ne, zuga-zugi ɗaya da aka haɗa da ƙafar keke, guduma kuwa ta wanda ya riga ɗauka ce. A bango akwai hoton shugaban ƙasa, ɗan garinmu, hayaƙi ya cinye shi har sai hularsa kawai ake ganewa. Babbanmu wani tsohon maƙeri ne da muke kira Baba, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a sa wa mutum baki a aikinsa sai ya tambaya. Ya ce da wannan doka ne mutum shida suka zauna a rumfa ɗaya ba a taɓa kiran jandarma rabon faɗa ba.

Zubi ba shi da wuyar faɗa. Kana samun tukunya mai kyau, ita muke kira uwa. Ka danne ta cikin yashi mai laima a akwatin katako, ciki da waje, ka zare ta a hankali, ka narka tsofaffin fiston na motocin auduga ka zuba a gurbinta. Abin da ya fito 'yarta ce, kuma duk abin da ke jikin uwa sai ya fito a jikin 'ya. Ni ba ni da uwa mai kyau, kuma girman kai ya hana ni aron ta Baba. Wata safiya Inna ta tafi gaisuwar rasuwa, sai na shiga ɗakinta na jawo tukunyar daga ƙarƙashin gado. Na ce kwana biyu zan mayar.

Ranar da na fara danne ta a yashi, Baba ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Ya dubi hannun tukunyar, ya dube ni, ya taɓe baki, ya koma wurinsa. Na ɗauka hassada ce. Daga baya na sani cewa duk mai zubin kirki yakan cike shaidar mai tukunya da sabulu kafin ya danna. Duk rumfar sun san haka, har mai takalman taya. Ba wanda ya ce mini uffan, tunda ban tambaya ba.

Tukwanen suka fito da kyau, har ni kaina na yi mamaki. Wani ɗan kasuwa ya kwashe goman farko, ya ce in ƙaro. Kwana biyu suka zama wata guda.

Sai aka yi haihuwa a gidan wani dillalin shanu, Inna ta durƙusa za ta jawo tukunyarta ba ta gan ta ba. Ta birkice ɗaki, ta leƙa rumbu, ta leƙa har rijiya. Ina zaune ina shan kunu ta tambaye ni. Na ce, “Wace tukunya, Inna?” Har yau in na tuna wannan amsa sai kunya ta kama ni.

Inna tana da ƙawa ɗaya tak, matar wani mahauci, Bafulatana, da muke kira Goggo. Shekara talatin suna tare. Inna ta yi mata Hausa ta amsa da Fulatanci, kuma ban taɓa jin ɗaya ta ce ɗaya ta maimaita ba. Ita ta yi wa Inna wankan jegona. Ashe Goggo ta sayi sabuwar tukunya a kasuwa, ta yi 'yan makonni tana girki da ita har ta yi baƙi, ta kai ta gidan sunan. Da aka gama wanke-wanke ta sunkuya za ta ɗauka, sai Inna ta hango ƙafar kaza.

Ban halarta ba, amma mata huɗu sun ba ni labarin, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Inna ta riƙe hannu ɗaya, Goggo ta riƙe ɗaya. Goggo ta ce sayenta ta yi. Inna ta ce, “A kasuwar ƙarƙashin gadona?” A gaban matan unguwa kaf ta kira ta ɓarauniya. Goggo ta saki hannun tukunyar, ta gyara mayafinta ta fita, ko takalmanta ba ta tsaya nema ba.

Inna ta dawo da tukunya a ka kamar wadda ta ci yaƙi, amma ranar ba ta ci tuwo ba. Ni kuwa na shiga uku. Ta gaskiyar tana rumfa cikin buhu, kuma yanzu ba dama in mayar da ita, don za su zama biyu. Na yi tunanin in narka ta. Har na ɗaga ta kan murhu, hannuna ya ƙi.

Kwana biyar bayan haka Inna ta je sayen ƙosai, ta ga ƙafar kaza a jikin tukunyar da mai ƙosai take jiƙa wake. Wannan karon ba ta yi faɗa ba, aro ta yi. A hanyar dawowa ta ga wata a wurin mai dafa ganda, ta ara ita ma. Na shigo da azahar na tarar da tukwane uku a jere a tsakar gida, Inna tana zaune a kan turmi tana kallonsu. Ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, tana kasa kunne.

“Babu tawa a ciki,” ta ce. Sannan ta ɗago ta dube ni. “Kai, me ka ce kana yi a rumfar nan?”

Ba ta jira amsa ba. Ta sa ni gaba har bayan kasuwa, ita da ba ta taɓa taka wurin ba. Aiki ya tsaya cak. Na zaro tukunyar daga buhu, ta ƙwanƙwasa ta sau ɗaya ta gyaɗa kai. Sai ta juya ga Baba.

“Malam, kana gani yana wannan ɓarna ka yi shiru?”

“Bai tambaya ba, Hajiya.”

“Da ka ga rigarsa ta kama da wuta fa?”

Baba ya yi ɗan tunani, ya ce, “To, wannan da na matsa masa da bokitin ruwa kusa.”

Mai gyaran keke ya shige bayan tayoyi yana tari. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗora mini tukunyar gaskiya a ka, muka biya gida ta ɗora mini ta Goggo a bisa ta farkon, ta ce in wuce gaba. Haka na ratsa unguwa da rana tsaka, ƙato da gemu, da tukwane biyu a ka, mata suna leƙowa ta katanga.

Goggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba. Inna ta sa na durƙusa na faɗi komai da bakina, sannan ita ma ta durƙusa, abin da ban taɓa gani ba. Ta tura tukunyar mahaifina gaban Goggo ta ce, “Ga taki, 'yar'uwa. Ki yafe mini.”

Goggo ta dubi tukunyar, ta tura ta baya da yatsa. Ran nan kam da Hausa ta yi magana, don kada kalma ɗaya ta ɓace.

“Wannan ba tawa ba ce. Shekara talatin ina wanke ta, na san inda ta lotsa a gindi. Ni na san tukunyarki. Ke ce ba ki san ni ba.”

Inna ta yi kuka, ni ma na yi, kuma nawa har da tsoro. Can Goggo ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙusa da dutsen niƙa ta ajiye a gabana. Ta ce tunda na iya baza shaidar mutane a gari, in sa tata kusa da ta Inna a jikin tsohuwar tukunyar, ɗigo biyu, in ci gaba da zubi da ita. Duk matar da ta sake ganin ƙafar kaza, ta gan ta tare da ɗigon Goggo, ta san an shirya. Inna ta share ido ta ce in buga da kyau, kada in fasa mata tukunya.

Da ita na yi zubi shekara goma sha, ban taɓa sa mata sabulu ba. Wasu maƙera suka sayi tukwanena suka mai da su uwa, nasu ma wasu suka saya. Bayan Inna da Goggo sun rasu, na je Maruwa sayen fata, na tsaya cin abinci a bakin tasha. Da mai abincin ta karkato tukunya za ta zuba mini miya, sai na ga ƙafar kaza da ɗigo biyu, sun dushe har sai wanda ya sani zai gane. Na tambaye ta ko ta san ma'anar shaidar.

Ta ce, “Tambarin kamfani ne. Masu shi sun fi ƙarko.”

Na ce mata haka ne, na sunkuyar da kai na ci tuwona.