Duk Mun San Inda Motarki Take

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da yammacin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran baiwarsa wadda mu shugabannin makarantun firamare na wannan yanki muke kira Hajiya a gaban idonta, mu kira ta Ba-zata idan ta ba da baya. Ta rasu a asibiti bayan hawan jini ya kayar da ita a bakin aiki. Ta bar miji da 'ya'ya da jikoki, da ɗaruruwan yara waɗanda ba su san sunan aikinta ba amma sun san fuskarta.

Ni ce shugabar makarantar da ke ƙarshen titi, bayan tashar mota. Ni ce kuma na kai ki asibiti, Hajiya, kuma tun daga ranar iyalinki suke yi mini kallon mai alheri. Wannan kallo ya fi ƙarfina. Na je gidan makoki da niyyar in buɗe baki, kunya ta danne ni, na dawo da maganata a ciki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don su san ko ke wace ce a wurinmu, su kuma san mu su wane ne.

Ga wanda bai san aikinki ba, wata ƙungiyar agaji ce daga waje take ba makarantunmu littattafan karatu da bencuna, tana horar da malamai, wani lokaci ta gina aji. Da yake mai ba da kaya yana so ya san inda kayansa suka kwana, sai aka ɗauko masu sa ido waɗanda ba ma'aikatan ƙungiyar ba ne, ba kuma na ma'aikatar ilimi ba. Ke aka ba yankinmu. Abin da kika rubuta shi ake dubawa kafin a ce makaranta ta ci gaba da zama cikin shirin ko a cire ta. Ba kya aiko da saƙo kafin ki zo. Farar motar ƙungiya mai tambari ma kin ƙi shiga, kin ce ba a bin diddigin mutum a cikin motarsa. Tsohuwar ƙaramar motarki kike tuƙawa da kanki, ki ajiye ta nesa da makaranta, ki tako da ƙafa ki shigo ta baya. Wani lokaci ki zauna a ciki har darasin farko ya wuce, don ki ga malamin da zai zo a makare.

Ba kya shan ruwanmu, ba kya cin abincinmu. Da gorarki kike yawo. Da farko mun ɗauka girman kai ne, har wata malama ta ce wataƙila kina tsoron a sa miki wani abu. Sai da mahaifiyata ta rasu na gane ki. Kika zo gidana, kika zauna a ƙasa cikin mata, aka kawo abinci, ina tunanin ko in miƙa miki. Kika jawo kwanon da kanki kika ce, “Malama, yau ba sa ido na zo yi ba, zuba mini.” Kika ci, kika nemi ƙari, kika tsokani ƙanwata a kan gishiri har ta yi dariyar da ba ta yi ba tun da aka yi rasuwar. Bayan mako biyu kika faɗo makarantata da gorarki, kika rubuta cewa bayan gidan 'yan mata ba shi da ƙofa. Gaskiya ne, ba shi da ita.

Ban manta da shekarar da iska ta yaye rufin sabon aji ba. Ofis ya riga ya yanke cewa sakacina ne, har an fara raɗe-raɗin za a sauke ni. Ke kika sa aka aro tsani, kika ɗaure gyale a ƙugu, mace mai jikoki, kika hau kika duba katakon, kika ɗauki hotonsa, kika nuna cewa ɗan kwangila ne ya yi aikin da ruɓaɓɓen kaya. Da na je yi miki godiya kika ce in riƙe godiyata, domin da laifin nawa ne, da haka za ki rubuta. Akwai kuma yarinyar nan ta aji uku da kowa ya haƙura da ita a kan cewa ba ta da ƙwaƙwalwa. Kin zauna kusa da ita a benci na ɗan lokaci, kika ga yadda take kai littafi har hanci, kika ce a kai ta a duba idonta. Yanzu tana sakandare da gilashinta.

Amma abin da ya haɗa mu faɗa da ke shi ne littattafai. Ke ba ƙidayarsu kike yi ba. Ki ɗauki littafi ki buɗe, idan ya yi ƙara irin ta sabo, ki kai shi hanci ki sunsuna, sai ki dube ni ta saman gilashi. Kin sha faɗa mana cewa littafin da bai yi dauɗa ba ba a karanta shi ba. Mu kuwa muna da namu dalilin. Masu binciken kaya suna zuwa daga wani ofishi dabam, kuma a wurinsu littafin da ya yage ko ya ɓata laifin shugabar makaranta ne. Sai muka zaɓi hanya mai sauƙi: mu kulle su a kabad, yara su ci gaba da kwafa daga allo. Kin rubuta wannan matsala a rahotonki ba sau ɗaya ba, kin nemi a daina tuhumar mu a kan littafin da ya tsufa a hannun yaro. Kina yi mana yaƙi a can sama, mu muna yi miki dabara a nan ƙasa.

Dabarar ita ce waya. Akwai mai facin taya a mahaɗar da hanya ta rabu zuwa makarantunmu. Shi muka roƙa, da zarar ya ga motarki ya kira shugaban makarantar bakin kasuwa, shi ya kira ni, ni in kira na gaba. Ba mu taɓa kiran abin da sunansa ba. Cewa muke yi taimakon juna ne. Har alfahari muke yi cewa Ba-zata ta daina zo mana ba zato.

Ranar Talatar nan da safe wayata ta yi ƙara. Shugaban makarantar bakin kasuwa ne, ya ce kin wuce mahaɗa, kin saki kwalta kin bi 'yar hanyar da ke bayan rumbunan ajiya, kin tsaya a gindin bishiya. Daga wurin nan mutum yana iya takawa zuwa makarantarsa ko tawa, don haka ba mu san wa za ki faɗa wa ba. Wannan zagayen kuwa shi ne na yanke hukunci, kuma ina da aji guda da ke karatu a ƙarƙashin rumfa, an yi mana alkawarin gini idan muka tsallake.

Na buɗe kabad. Na sa aka raba littattafan, na ce wa malamai kowa ya san abin da zai yi. Yara suka yi ta lanƙwasa kusurwar shafuka, suna murza bango, suna goga tafin hannu a ƙasa suna shafawa a takarda. Mataimakina yana tanƙwara su ɗaya bayan ɗaya don su daina ƙara. Yaran suna ta murna, sun ɗauka wasa ne, wasu ma sun tsaya suna kallon hotunan da ke ciki domin ba su taɓa ganinsu ba. Ni ina tsaye a baranda ina tsawa a yi sauri.

Muka gama, muka zauna jira. Ba ki zo ba. Na kira abokin aikina na bakin kasuwa, ya ce shi ma shiru, amma ya aika masinja ya leƙa daga nesa, motar tana nan kuma kina ciki. Muka yi dariya, muka ce yau Hajiya ta zo da sabon salo, so take mu gaji mu saki jiki. Rana ta ɗaga, aka fita hutun tara aka dawo, waya tana ta zagayawa tsakanin makarantu, kowa tambayarsa ɗaya: har yanzu tana nan? Wata malama ta ce mini, “Anya lafiya, Malama? Cikin wannan zafin, gilashi a rufe?” Na ce mata ta koma ajinta, ba ta san Ba-zata ba ne. A zuciyata na ji maganar, amma na san idan na je zan tona asirinmu, domin za ki tambaye ni yadda aka yi na san kina wurin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai da aka kusa tashi, malamai sun fara ƙorafi, na ce bari in je in wuce ta wurin kamar wani uzuri ne ya kai ni. Na tari mai babur. Na same ki kin kife a kan sitiyari, bakinki ya karkace, hannu ɗaya yana lilo, wayarki ta faɗi ƙarƙashin kujera inda ba za ki iya kai mata ba. Idonki a buɗe yake. Kin gan ni, kuma na tabbata kin gane ni. Muka samu mai mota ya taimaka muka kai ki asibiti. Likita ya tambaye ni tun yaushe kike a haka, ya ce a irin wannan ciwo lokaci shi ne magani. Na ce masa ban sani ba, wucewa kawai na zo yi. Ba ki kai magariba ba.

Na san ajali ba ya jira, kuma malaman addini sun faɗa mini ko da na je da wuri, abin da aka rubuta sai ya faru. Na yarda. Amma wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. Abin da ke tsakaninki da mu shi ne, tun safe har rana ta take babu wanda aka fi sanin inda yake a yankin nan kamar ke, kuma babu wanda ya taka ya ƙwanƙwasa gilashin motarki. Mu da muke koya wa yara a taimaki wanda ya faɗi, muna can muna koya musu ɓata littafi.

A gidan makoki babbar 'yarki ta kama hannuna ta ratsa da ni cikin mata, tana gaya wa kowa ga wadda ta tsinci Mama. Ta kai ni har wurin mahaifinta, Alhaji. Dattijon ya ɗago kai, ya ce hanyar nan babu mai bi, ba don Allah ya karkato da ni ba da sai dai a tsinci gawa. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, ba mu da abin biyanki. Allah ya sa ranar da kika shiga irin wannan hali, ki samu wanda zai zo miki kamar yadda kika zo mata.”

Duk ɗakin ya amsa da amin. Shugaban makarantar bakin kasuwa yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ni kaɗai ce ban amsa amin ɗin ba, suka ɗauka kuka ne ya hana ni.

Alhaji, ga amsar da na kasa ba ka ranar nan. Ba hanya ce ta bi da ni ba. Na san tana wurin tun safe, kuma ba ni kaɗai ba. Ban rubuta wannan don in ja sunan kowa ba, nawa ya ishe ni. Na san abin da zai iya biyo baya a ofis, da abin da abokan aiki za su ce, da ajin da ke ƙarƙashin rumfa wanda wataƙila na jawo masa ƙarin shekara a rana. Duk wannan ya fi mini sauƙi a kan 'yarku ta sake rungume ni tana godiya.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya gafarta mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa gaskiyar da ta tsaya a kanta ta tsaya mata ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah ya sanya kowane harafi da yaro ya iya karantawa ta dalilinta a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta da 'ya'yanta da jikokinta da abokan aikinta, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya kuma ba ku haƙurin abin da kuka karanta a nan.

Idan za ku iya yafe mana, ku yafe. Idan ba za ku iya ba, ba ku yi laifi ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo, Alhaji: addu'ar nan da ka yi mini, don girman Allah ka sauya ta. Ka roƙa mini wanda zai zo da wuri.