Shamfun da Ba Ya Kumfa

Ni ce nake wanke wa Takwara kai tun tana ƙarama. Jikata ce, 'yar ɗana na fari, sunana aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta a gidanmu na Soron Ɗinki. Na ce Takwara, kowa ya bi. Ita ma 'yar fari ce a wurin uwarta, don haka uwar ba ta nuna kulawa da ita a gaban mutane. Tun da aka yaye ta aka miƙo min ita ɗakina. Tsifa, wankin kai, kitso, duk a tsakanin gwiwoyina ake yi, ranar Asabar da hantsi, a gindin rijiya.

Tana firamare amosani ya kama ta. Da farko ɗan fari-fari ne a bakin goshi. Kafin damina ta ɗauke, in ta cire hijabin makaranta sai ka ga cikinsa kamar an zazzage dusa. Tana cin abinci tana susa, tana karatu tana susa.

Na yi mata abin da na sani. Ruwa mai zafi, sabulun wanki, in cuɗa har kumfa ta rufe mata kunnuwa. Sannan in ɗauki kibiyar kitso in bi layi-layi ina kankarewa. Sai na ji fatar tana ƙara a ƙarƙashin yatsana nake yarda kai ya fita. Tana kuka ina cewa, "Datti ne, Takwara. Ko ajiye shi za ki yi ki kai gidan miji?"

Ranar ya yi tas. Kafin wata Asabar ya dawo, ya fi na da.

Surukata, uwar yarinyar, malamar firamare ce, mace mara yawan magana. Wata rana ta ɗauke ta suka je wajen likitan fata. Da suka dawo ta durƙusa a ƙofar ɗakina, ta ajiye wata farar robar shamfu da ta sayo a kantin magani wajen Ƙofar Nassarawa.

"Hajiya, likita ya ce ba datti ba ne, fatar ce ta bushe. Wai akwai wani sinadari, salfet, a yawancin shamfu da kayan wanki, shi ne mai sa kumfa, shi ne kuma yake kwashe maiƙon kai. Wannan ba shi da shi. Ya ce a bar sabulu, a bar kankarewa, ruwan kuma a sirka shi."

Na ce, "Shi likitan ya taɓa yin kitso?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Asabar ta zo, na gwada. Na zuba a tafin hannu, na shafa, na cuɗa, na cuɗa. Ba kumfa. Sai santsi kawai yana bin yatsuna. Na ƙara zubawa, duk ɗaya.

"Hajiya, yau ba zafi," in ji Takwara.

"Ina zai yi zafi, tunda ba a wanke komai ba?"

Abin ya tsaya min a rai. A ganina an cuci matar nan, an sayar mata da ruwan banza a roba mai kyau. Ban kuma so in ce mata na ƙi abin da ta kawo, don kada a ce tsohuwa ta raina suruka. Sai na samo hanyar da nake ganin kowa zai zauna lafiya. Da suka tafi makaranta na ɗauki wuƙa na kankare sabulun wanki, na narka shi a ruwan zafi, na ɗura a cikin robar, na girgiza. Asabar ta gaba kumfa ta tashi fara fat, zuciyata ta kwanta. Kankarewar ma ban bari ba, na dai rage ƙarfin hannu.

Kan ya lalace. Bayan kunnuwa ya tsattsage, ƙeya ta fara ruwa tana yin ɓawo. In na taje sai gashi ya biyo matajin. A Islamiyya yara suka ce makero ne, suka riƙa janye tabarma daga kusa da ita. Ta daina yi min tsiya, ita da bakinta ba ya hutawa.

Muna cikin azumi ubanta ya shigo gaishe ni da rana, ya ga ɗigon jini a kan matashinta. Ya ɗaga ɗankwalinta ya duba, ya daɗe bai saki ba. Ya kira matarsa.

"An je wajen likita, an sayo abin da ya ce, ga abin da aka samu. Kafin Sallah za a aske kan nan tas, iska ta shiga. Zan yi wa wanzami magana."

Takwara ta dafe kanta da hannu biyu. Gashinta ya sauko har kafaɗa, kuma tun farkon azumi take gaya min irin kitson Sallar da take so, shuku mai ƙanana, irin na ƙawarta.

"Baba, don Allah. Zan daina susa. Wallahi zan daina."

"Gashi ne, zai fito."

Ta juyo ta dube ni, don ta san a gidan nan in na ce a'a an gama. Na kau da kai na kama jan carbi. Ina zaune a wurin, na san abin da yake cikin robar, amma na yi shiru. Har na ce a raina in an aske shi ke nan, maganar ta mutu, ba wanda zai ƙara tambayar roba.

Washegari ina alwala na hangi surukata a gindin rijiya da robar a hannunta. Ta girgiza ta. Kumfa ta taso har wuya. Ta buɗe ta shinshina. Duk wadda ta taɓa wankin kaya ta san wannan ƙanshin. Sannan ta zo ta ajiye robar a kan tagar ɗakina, daidai inda nake ajiye tabarau.

"Hajiya," ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "ko ruwan rijiyar nan ne?"

Hanya ta buɗe min, in so in bi in fita da mutuncina. Ba za ta taɓa gaya wa mijinta cewa uwarsa ce ba. Ba za ta kuma tsaya a gabana ta yi rigima a kan 'yar fari ba, ko da zuciyarta tana ƙuna. Na san haka, kuma da shi na fake.

Na ce, "Wa ya sani."

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta koma madafa.

Da la'asar ɗin ranar miyar karkashi za a yi don tuwon bayan shan ruwa. Ta jiƙa garin a kwano ta kawo min in kaɗa, kamar yadda muka saba. Na sa hannu in ji kaurinsa. Yauƙin ya bi tsakanin yatsuna, sai na tsaya. Wannan santsin ne. Shi na ji a robar ranar farko na ce ruwan banza ne. Da karkashi Innarmu take wanke mana kai muna yara, ba ya kumfa ko kaɗan, ba ya zafi, kuma ban taɓa sanin susa ba a gidanta. Ni ce da na yi aure, sabulun kanti ya shigo gari a cikin takarda, na ce wa Inna karkashi na miya ne, ƙauyanci ne a sa shi a kai. Tun daga lokacin na ɗauka kumfa ita ce tsafta, har na tsufa a haka.

Na kaɗa miyar na miƙa mata.

Da hantsin Asabar wanzami ya yi sallama a soro. Tsohon wanzamin gidanmu ne, shi ya yi wa uban Takwara askin suna. Ina jin ƙarar zabirarsa da ya ajiye, ina jin yana neman ruwan jiƙa kai a kofi. Takwara ta shige bayan gadona ta riƙe ƙafar gadon.

"Ina yarinyar nan?" in ji ubanta daga tsakar gida. "A fito da ita, Malam yana jira."

Ba wanda ya motsa. Surukata tana tsaye a ƙofar madafa da tsintsiya, ba shara take ba.

Ya ɗaga murya. "Takwara!"

Ta fito, hawaye har haɓa. Ya kama hannunta ya nufi soro. Gwiwoyina ba su da kirki, amma ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauki robar daga taga na bi su.

"Malam, a yi haƙuri," na ce daga bakin ƙofa, "a mayar da askar nan."

Ɗana ya juyo. "Hajiya, ai mun gama magana."

"Kai ka gama. Duba nan." Na girgiza robar a gabansa har kumfa ta cika ta. "Ka ga wannan? Ba ta likita ba ce, tawa ce. Sabulun wanki na narka na zuba, tun mako na biyu. Kankarewar da aka hana ma ban bari ba. Maganin matarka ba a taɓa gwada shi ba sai sau ɗaya."

Wanzami ya dubi askarsa, ya dubi rufi.

"Hajiya," in ji wanzamin, "ashe har yanzu ba ki daina ƙara wa miyar mutane gishiri ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗana ba zai yi wa uwarsa faɗa ba, balle a gaban baƙo. Ya dubi hannuna, ya dubi ƙeyar 'yarsa.

"Allah ya kyauta," ya ce. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Bai saki hannun yarinyar ba tukuna. Ya ce ko ma mene ne sanadi, kan ya riga ya yi ciwo, aski ya fi. Wanzami ya ɗauko fatar wasa aska. A nan ne na ji muryar surukata a bayana, ita da ban taɓa jin ta yi magana a kan wannan yarinya a gaban kowa ba.

"A ba ni ita zuwa bayan Sallah. In bai yi sauƙi ba, ni da kaina zan riƙe ta a aske."

A ba ni ita, ta ce. Ba mijinta kaɗai take gaya wa ba.

Na ce, "A ba ta."

Ya saki hannun. Takwara ta wuce ta gabana, ba ta dube ni ba, ta tsaya a bayan uwarta.

An koma wajen likita, ya ba da abin shafawa don tsagar, aka sayo sabuwar roba. Sallah ta zo ba a yi shuku ba, kalaba biyu sako-sako uwarta ta yi mata, ta ɗaura ɗankwali. Amma gashin yana kanta. Ruwan ƙeya ya tsaya, susa ta ragu, dusar hijabi ta yi ta raguwa har ta zama sai an duba. Wanzami bai dawo ba. Akwai dai wani wuri a ƙeyarta, kamar faɗin bakin kofin shayi, da ya daɗe bai cika ba. Har yanzu gashin wurin ya fi sauran gajarta, kuma duk lokacin da ta sunkuya idona a can yake sauka.

Ba ta koma kwana ɗakina ba sai da aka yi Babbar Sallah. Wankin kai kuwa bai dawo hannuna ba, ban kuma nema ba. Ranar Asabar uwarta ce take zama a kujerar, ni in riƙe buta in sirka ruwa in zuba in an ce zuba. Ina kallon hannunta yana bin kan a hankali, ba kumfa, yatsuna suna motsi su kaɗai a jikin butar.

Makon jiya Takwara ta ɗago ido ɗaya daga ƙarƙashin ruwan.

"Umma, kin ɓoye sabulun wanki? Tsohuwar nan tana kusa."

Uwarta ta ce, "Ke, rufe baki." Sannan ta ce, "Hajiya, a ƙara ruwa."

Na zuba.