Ɗigon jan biro a littattafan Kawu Haruna

Shekara bakwai cif da rasuwar Kawu Haruna, kuma sai ranar Talatar da ta wuce na gane abin da jan bironsa yake nufi! Wallahi saura kwana biyu kacal in rasa amsar har abada.

Bari in koma baya, don na san wasunku za su ce me ya haɗa Bahaushiyar unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki, da wasan besbol. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, direba. Ya yi shekaru yana tuƙa wani injiniya ɗan Japan a unguwar Abhur, can bakin teku. Da mutumin zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa kwali cike da kaset na wasannin ƙwararru. Kawu bai iya Turanci ba, balle Japananci. Da ido ya koyi wasan, ni kuma a gefensa na koya, ranar Juma'a bayan la'asar.

Ga yadda yake bayani: fili yana da tasha uku da gida. Mai jifa ya jefo ƙwallo, ka buge ta da sanda, ka ruga tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, in ka dawo gida ba a fitar da kai ba, ƙungiyarku ta ci maki ɗaya. Halas, shi ke nan. Mutane suna haukan masu cilla ƙwallo bayan katanga, shi kuwa babu ruwansa. Gwaninsa shi ne ɗan wasan da ya fi kowa dawowa gida a tarihin wasan, mai satar tasha, wato ya ruga ta gaba tun mai jifa bai gama juya wuya ba. Kawu yakan ce wannan tarihin ba a kafa shi da ƙarfin hannu, sai da shekaru na gudu da haƙuri.

Ya bar littattafai goma sha ɗaya, irin na 'yan makaranta. Kowane wasa shafi guda. Wanda ya dawo gida, ɗigon shuɗin biro a gaban sunansa. Na ɗauki wasanni da yawa na gwada da abin da ke intanet, shuɗin nan bai taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya. Amma akwai ja. Ɗigon ja yana faɗawa gaban mutanen da aka fitar, waɗanda ba su ko taka tasha ta ɗaya ba. Na ce ko kuskuren 'yan wasa yake ƙirgawa, bai dace ba. Na ce ko satar tasha ce, bai dace ba. Ina yarinya ban taɓa tambayarsa ba, hankalina yana kan shayi da biskit.

Bara na sa hoton shafi ɗaya a wani zauren masoya wasan a waya. Wani ya rubuto cewa tsohon nan bai san wasa ba, zane kawai yake yi. Na rufe wayar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na fara tunanin ko gaskiya ya faɗa, don a shekarunsa na ƙarshe ciwon suga ya taɓa idon Kawu.

Sai ranar Litinin Umma ta ce mini, kamar ba komai, Baba Sale zai koma Najeriya ranar Alhamis, ba zai sabunta iƙama, takardar izinin zama, ba. Baba Sale abokin Kawu ne, mai gyaran lantarki a unguwar Khumra, shi yake zama da shi gaban talabijin tun kafin a haife ni. An ce mantuwa ta fara kama shi. Ban iya cin abinci ba ranar. Washegari na zuba littattafan a mota na kama hanya, ina ta addu'a ya gane ni.

Na same shi zaune kan akwati, an ɗaure komai da igiya.

"Wa nake gani? 'Yar Haruna ce da sitiyari? Ya binti, 'yata, da yana raye da ya zauna a baya yana miki ihu ki rage gudu."

Na gaishe shi, na buɗe shafi. "Baba, jan nan na mene ne?"

Ya kai littafin kusa da hancinsa. Ya yi ta bin layukan da yatsa har na fidda rai. Can sai ya kwashe da dariya.

"Wannan ai na 'yan turin mota ne! Ni fa ban taɓa gane wasan nan ba, shayi nake zuwa sha. Amma wannan na sani, don ya ishe ni da shi. Mutum ya buga ƙwallo a ƙasa, a fitar da shi, amma abokinsa ya samu ya matsa tasha ta gaba. Na bayansa ya zo ya kai shi gida, a tafa wa su biyun. Shi na farkon ya koma benci babu mai kallonsa. Haruna ya ce tunda Turawa ba su rubuta shi ba, shi zai rubuta."

A nan tsakar ɗakin na ciro waya na nemo wani tsohon wasa da ke cikin littafin. Ga shi kuwa: an fitar da mutum, na tasha ta biyu ya koma ta uku, ga ɗigon ja a gaban sunansa. Na duba na biyu, haka. Na zauna a ƙasa ina kuka, Baba Sale yana cewa, "Yalla, tashi, za ki jiƙa masa littafi."

Amma hankalina bai gama kwanciya ba. A littafi na tara akwai wata 'yar da'ira da fensir. Na nuna masa, ya duba, ya girgiza kai. "Wallahi wannan ya tafi daga kaina, binti." Da na je shekara uku da suka wuce, wataƙila da bai tafi ba.

Ina yawan tambayar kaina me Kawu zai ce da wasan yau. Yanzu akwai agogo mai ƙayyade wa mai jifa lokaci. In an yi kunnen doki aka ƙara lokaci, sai kawai a ajiye mutum a tasha ta biyu, bai buga ba, bai yi gudu ba, babu wanda ya tura shi. In ya dawo gida makin yana shiga lissafi. Ina jin Kawu zai ajiye biro ya ce wannan haram ne. Ni da na ci gaba da littafi na goma sha biyu, duk sanda hakan ta faru sai in tsaya da shuɗin biro a sama, ina tsoron in ɓata masa tsari.

Kafin in bar Khumra Baba Sale ya faɗa mini sau nawa ya kwance na'urar bidiyon Kawu ya cire kaset da ya naɗe, da yadda ya hau rufi a zafin Agusta ya saita dish, duk don wasan da bai gane ba. Jiya jirginsa ya tashi. Na buɗe shafin ƙarshe na Kawu, na rubuta Sale, na ɗiga masa ja.

Da'irar fensir ɗin tana nan, ban san ta ba. In akwai wanda tsohonsa ya bar masa rubutu mai alamar da ya kasa karantawa, don Allah ya rubuto ya gaya mini: ka samu wanda ya fassara maka, ko kai ma ka makara?