Shanun Huɗarmu da Fim ɗin Auta

Shekarar da autanmu ya sayar da shanun huɗar gidanmu ya yi fim, ban yi barcin rana ko sau ɗaya ba tun daga bazara har ruwa ya sauka. Shanu biyu ne Baba ya bar mana a Tafashiya, da su ake yi wa Inna huɗar gonar da take ci. Ina da haƙƙi a cikinsu, shi ya sa auta ya biyo ni har ɗakina a Kusada neman yardata. Ya zauna bakin ƙofa yana murza hula.

"Yaya, kin tuna fim ɗin kakar nan da jikokinta suka zo mata hutu daga birni?"

Wa zai manta? 'Yan wasan kwaikwayon Kankiya suka yi shi zamanin kaset, mun kalle shi har kaset ɗin ya riƙa cin zare. Ya ce ya samu izinin tsohon shugaban ƙungiyar zai sake shi sabo, da kyamarar zamani. Kafin ruwan shuka, in ji shi, zai mayar da shanu biyu har da ɗan maraƙi a kai. Na amince. Inna ba ta hana ba, ta dai ce, "Gona ba ta san fim ba, ka ji ko."

Tsarinsa shi ne a nuna kwana uku a gidan kallo a Kankiya, labari ya bazu, sannan a sayar wa masu tura finafinai a waya. Su kuwa sau ɗaya suke biya, kuma abin da suka ji mutane na tambaya shi suke saye da daraja.

Ranar farko ni ban je ba, don ba wurin zuwana ba ne. Maigida ya tafi bayan azahar. Na share tsakar gida sau biyu, na sake wanke kwanukan da na riga na wanke. Kafin magariba na ji babur ɗinsa, kuma tun daga yadda ya jingine shi a zaure na san babu daɗi.

"Malam, ya aka yi?"

"Bari in sha ruwa tukuna."

"Ka faɗa mani kana sha."

Ya ce benci biyu ne kawai suka cika, su ma samari ne da suka zo da zaton ƙwallo za a sa. Ana tsakar fim wani ya ɗaga murya ya ce a mayar mashi da kuɗinsa ko a kamo wasan Turai. Auta yana tsaye a baya kusa da janareto.

Washegari da hantsi sai ga auta, ido jawur. Ya miƙo mani waya ya ce in kalla in gaya mashi gaskiya. Na karɓa, na jingine ta a taga, na koma kan tsintar shinkafata.

"Haba Yaya! Cewa na yi ki kalla."

"Ai ina ji."

"Fim ne fa, ba rediyo ba."

Na ci gaba da tsintata. Kiɗa ya tashi, ya yi ta tafiya. Na tsince rabin faranti ban ji muryar ɗan Adam ba. Na ce, "Wayar ta tsaya ne?" Ya ce a'a, nan ne aka ɗauko Kankiya daga sama da 'yar na'urar nan mai tashi, wai wurin ya fi ko'ina cin kuɗi. Can aka yi magana biyu, aka sake komawa kiɗa.

Na leƙa ta katanga na kira maƙwabtana biyu, na ce su shigo da aikinsu. Ɗaya ta zo da turmi za ta yi surfe, ɗayar da wankin yara. Muka mayar da fim ɗin zuwa farkonsa. Auta ya zauna kan kujera 'yar tsugunno yana kallon fuskokinsu, su kuwa ko sau ɗaya ba su dubi tagar ba. Ba a jima ba suka shiga hirar tsadar barkono a kan fim ɗin.

Na ce mashi, "Auta, wa ka yi wa fim ɗin nan? Samarin gidan kallo ba su son labarin kaka. Mu ne masu son shi, mu kuwa ba mu da lokacin zama. Hannu na aiki, kunne na bin labari. Sai an yi abin dariya mu ɗago kai. Ina tsiyar da kakar ke yi wa jikokinta? Ina inda take ce wa ƙaramin cikinsu wai mijinta ne amma ko cefane bai iya ba?"

Ya ce duk an ɗauka. Tsohuwar da ta fito kakar wata mai daddawa ce daga ƙauyen Boko, ba ta bin abin da aka rubuta, in ta buɗe baki sai an roƙe ta ta tsaya. Mai tace fim a Katsina ya ce surutun ya yi yawa, finafinan yanzu hoto ake so, ya yanke kusan duka.

"Abin da ya yanke yana nan?"

"Ban sani ba. Yakan goge in ya gama aiki."

Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Mai surfen ta tsayar da taɓarya, duk muka zuba wa wayar ido. A kira na huɗu mutumin ya ɗauka, ya ce yana kan hanya, sai ya duba kwamfuta, bai yi alkawari ba. Saura kwana biyar kasuwar Kankiya ta ci, ranar da auta ya shirya da masu turi. Da la'asar ɗin nan kuma hadari ya haɗo daga gabas, ya yi duhu, ya watse ba tare da ɗigo ba. Ban taɓa jin daɗin watsewar hadari ba sai ran nan, har na yi istigfari.

Auta ya soke sauran kwana biyun gidan kallo ya hau mota zuwa Katsina. Kwana uku babu labari, sai Inna da ta sa aka kira mata ni, ta ce maƙwabta sun fara gyaran garma. Na ce mata to.

Ana gobe kasuwa ya dawo. Maganganun suna nan, amma sai da suka yi cacar baki da mai tacewar kafin a mayar da su cikin fim ɗin, mutumin ya ce shi kada a ce aikinsa ne. Na sake kiran matan nan. Na juya wa taga baya ina kaɗa miya. Muryar tsohuwar ta cika gidan, tana ce wa jikarta 'yar birni da wannan hannun nata ko sauro ba zai mutu ba, balle ta tuƙa tuwo. Mai wankin ta yi dariya har ta zubar da ruwan bokiti. Ɗayar ta goge hannu a zane ta matsa kusa da taga, ta ce a mayar mata wurin.

"A tura mani," in ji ta, tana laluben wayarta a ƙugu.

Na riga auta fizge wayar. In fim ɗin ya fita daga gidan nan a kyauta yau, gobe duk Kusada na da shi, babu mai turin da zai biya ko sisi. Ta ji haushi, sai da na yi kwana biyu ina lallashi da ƙosai.

Ranar kasuwa da sassafe auta ya bi shagunan masu turi ɗaya bayan ɗaya, don dole su karɓa lokaci guda. Sun ji labarin benci biyu, suka taya da arha. Ya kunna wa biyu daga cikinsu wurin tsohuwar, suka ƙara kaɗan. Sauran suka ce ko ya bayar ko ya tafi. Ya bayar.

Cikin mako guda ina jin tsohuwar Boko ta kan kowace katanga a unguwarmu, har yara na kwaikwayonta a bakin rijiya. Mutane na tare auta suna cewa fim ya karɓu. Abin da ya shigo hannunsa kuwa sa ɗaya ya saya, shi ma ɗan matashi wanda bai gama sanin karkiya ba. Kawunmu ya yarda a haɗa shi da nasa, da sharaɗin sai an gama huɗar gonarsa. Gonar Inna sai kwana tara bayan ruwan shuka aka shige ta, kuma auta ne da kansa ya riƙe garmar.